Tiyon Numfashin Motar Baba

Zuwa ga ƙanwata 'Yar Baba,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan da kika ce tana tashi idan sanyi ya shigo, ya kuma ƙara wa maigidan naki haƙuri, don na san halinki idan ciwo ya hana ki yawo. Mu a nan muna nan yadda kika san mu. Idona na dama da aka yi wa aiki ya washe, har ƙananan rubutun jikin kwalbar magani ina karantawa ba tare da na roƙi kowa ba. Na hagun ne ya ƙi, likita ya ce a jira. Gwiwoyi kuma sun zama abin da suka zama. Mai ɗakina, ƙawar taki, ta dawo gida yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Numfashinta ya daidaita, tana cin abinci, tana kuma yi mini wani irin shiru da ya fi faɗa ciwo. Zan zo kan wannan a gaba.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku. Shafi biyu kika cika kina roƙona in yafe wa surukina, mijin 'yata, 'yar taki. Kin ce ya kira ki a waya, wai na tozarta shi a gaban ma'aikatansa da masu kawo masa aiki, wai tsufa ya mai da ni mai riƙo. Riƙon gaskiya ne, ban musa ba. Tozartawar ma gaskiya ce, kuma da gangan na yi ta, na zauna na tsara ta kamar yadda nake tsara darasi a da. Amma tunda ya ba ki nasa rabin labarin, ki gyara zama ki ji nawa, sannan ki yanke hukunci.

Ba sai na gabatar miki da Shuɗiya, motar Baba, ba. A kujerarta ta baya kika yi amai sau ba adadi, Baba yana tuƙi yana cewa a buɗe miki gilas, ni kuma ina riƙe da gwangwani ina tsine miki a zuci. Da Baba ya rasu ya bar mini ita, ba don ya fi so na ba, kowa ya san ke ce ta gaban goshi, sai don ni na san cikinta. Ita kaɗai ce abin da karatuna ya tsinana mini. Kin tuna ranar da aka ɗauke mu mu uku kacal zuwa karatun injiniya, Baba ya zaga unguwa da takardar a aljihu yana nuna wa har waɗanda ba su iya karatu ba. Na dawo ina zaton injuna zan ƙera. Sai na ƙare a kwalejin fasaha, shekara talatin da ɗaya ina koyar da gyaran mota, ranar sallama suka ba ni agogon bango wanda ya tsaya bayan wata huɗu. Ɗakin aikin da na kafa da hannuna yanzu ɗakin ajiye karyayyun kujeru ne. A cikin ɗaliban da suka bi ta hannuna, guda ɗaya na riƙe a matsayin shaidar cewa ban yi aikin banza ba. Ni na sa masa suna Gwani a cikin aji, sunan da yau yake rubuce da manyan haruffa a ƙofar garejinsa. Ni na ajiye littafin darasinsa ina nuna wa 'yan baya yadda ake zane. Ni kuma na ba shi 'yata, lokacin da uwarta take ɗari-ɗari da shi.

Ƙarshen bara tankin man Shuɗiya ya yi tsatsa, ya fara zufa ta ƙasa. A daidai lokacin aka yi mini aikin ido, likita ya hana ni sunkuyawa da ɗaga abu mai nauyi. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun rasuwar Baba, na miƙa wa wani makullinta. Gwani ya karɓa da hannu biyu, ya ce hidimar uba ce. Bayan mako uku ya dawo da ita da sabon tanki, an wanke ta an goge, har tayoyin suna sheƙi. Na sa masa albarka a gaban matarsa.

Daga nan wari ya fara. Kin san yadda gidan yake, garejin a manne yake da ɗakin mai ɗakina, bango ɗaya suka haɗa, da 'yar tagar iska a can sama. Ta fara cewa matashinta yana warin fetur. Ta ce tufafin cikin durowa ma sun ɗauka, har shayi idan ta kurɓa fetur take ji. Ni kuwa hancina ya mutu tuntuni, shekara arba'in yana shaƙar mai, sai a zuba mini fetur a gemu ban ji ba. Na ce mata ƙari take yi, na ce tun muna da ƙuruciya take kishi da motar nan. Wannan maganar tawa ce, ba ta Gwani ba, kuma zan ɗauke ta har kabari. Wata rana da rana tsaka asmarta ta tashi, ta faɗi a bakin ƙofar ɗakin girki tana neman iska da baki kamar kifin da aka jefo kan tudu. Kwana biyu ta yi a asibiti. Da aka sallame ta, 'yarki ba ta kawo ta gida ba, gidanta ta wuce da ita.

Bayan kwana uku suka zo ita da Gwani suka zauna a falona. Gwani ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, kai a sunkuye, yana magana a hankali kamar mai ba da haƙuri a gidan rasuwa. Ya ce tsofaffin motoci haka suke, ƙarfen ya riga ya sha mai, babu bakaniken da zai iya raba su da wari. Ya ce shi zai ɗauke mini nauyin, ya kai ta garejinsa ya ajiye a lulluɓe, duk ranar da na yi marmari in je in gan ta. 'Yarki kuma tana yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, irin yadda ake yi wa wanda kansa ya fara juyewa. Ta ce likita ya ce Mama ba za ta sake kwana kusa da warin nan ba, don haka in zaɓa, ko mota ko Mama, kuma sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Na dubi yarinyar da na koya wa tuƙi a cikin wannan motar, da matashi biyu a ƙarƙashinta don ta hango hanya.

Kada ki zaci zaman jira na yi. Na canza robar murfin tanki. Na kwance kafireta na wanke na mayar. Na duba famfon mai, na bi bututun mai tun daga tanki har inji ina shafawa da farin ƙyalle, gaɓa bayan gaɓa. Na shimfiɗa fararen takardu a ƙarƙashin motar na bar su kwana biyu, ko ɗigo ɗaya ban gani ba. Wuri ɗaya ne tak ban duba ba, kuma girman kaina ne ya hana ni. Bari in yi miki ɗan darasi, ki yi haƙuri da tsohon malami. Tankin mai kamar ƙirjin mutum yake, dole ya yi numfashi. Idan inji ya sha mai, iska tana shiga ta cike gurbin. Idan rana ta yi zafi, tururin fetur yana kumbura ya nemi hanyar fita. Don haka ake sa masa ɗan siririn tiyo daga samansa. Wannan tiyon sai ya fara hawa, ya wuce tsayin bakin da ake zuba mai, ya yi lanƙwasa a can sama, sannan ya sauko ya fita ta ƙasan mota, nesa da salansa, nesa da inda mutane suke zama. Idan ya yi ciki a tsakiya, mai zai kwanta a wurin. Idan bakinsa ya ƙare a cikin mota, to ka mai da motar kwalbar fetur marar murfi. Wannan shi ne darasin mako na uku a ajina, kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannuna ya rera shi kamar karatun haddace: sama tukuna, sannan ƙasa, sannan waje. Ta yaya zan zargi Gwani da kuskure a abin da ni na koya masa, na kuma ba shi goma bisa goma? Ko a mafarki ban kawo ba.

Saura mako biyu wa'adin ya cika, har na fara ninke takardun motar, sai ga wani attajiri ya yi sallama, irin masu tara tsofaffin motoci suna jera su kamar kwanukan ado. Mutum ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya ce ya kasa haƙuri ne ya zo ya ga motar da Gwani ya yi masa alkawari, har ya sa an share mata wuri tsakanin wasu guda biyu. Na ba shi kujera, na haɗa masa shayi, na tambaye shi a hankali tun yaushe aka yi alkawarin. Ya ɗan yi tunani ya ce wata bakwai ke nan, ya tuna sarai domin a makon ya dawo daga tafiya. Ƙanwata, wata biyar ke nan da canza tankin. Wato an yi alkawarin motar Baba wata biyu kafin a ji warin farko. Na raka shi har mota, na roƙe shi kada ya ce ya zo, na kuma ce idan yana son ganin Shuɗiya tana tafiya, ya same ni a garejin Gwani ranar da zan aika masa.

Yana tafiya na buɗe but, wurin kaya na bayan motar, na ɓalle kwalin da ya rufe gefen bakin tanki. Bayan kwalin ya jiƙe ya yi baƙi, da na taɓa sai ya ruguje a hannuna. Ga tiyon nan. Ba ma na mai ba ne, farin tiyon ruwa ne irin na ban ruwan fulawa, fetur ya cinye shi ya yi tauri ya koma ruwan ɗorawa. Bai hau sama ba ko da taƙi ɗaya. Ya fito daga tanki ya yi ciki kamar igiyar shanya, mai kwance a cikinsa, bakinsa kuma a buɗe a bayan kujerar baya, an ɗaure shi da waya don kada ya motsa. Duk da haka na so in ba shi uzuri, na ce ko wani ma'aikacinsa ne ya yi ganganci. Sai na haska tocila a ƙasan but, inda tiyon asali yake fita tun daga masana'anta. An toshe ramin da roba, an shafa baƙin fenti a kai, an goge gefen tsaf don kada a gane. Mai ganganci ba ya fenti. Wannan aikin mai tsabtar hannu ne, kuma na san hannun, ni na horar da shi. Na zauna a bakin but ɗin na daɗe. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne fuskar ƙawarki a bakin ƙofar ɗakin girki, da ni tsaye ina ce mata ƙari take yi.

Kwana tara na yi ina gyaran, aikin da a da zan gama kafin shayi ya huce. Nakan shimfiɗa tsohon bargo in kwanta, idan zan tashi sai na kama bamba ina kiran sunan Allah. Na sayo baƙin tiyo na ainihi mai jure fetur. Na hau da shi har ƙarƙashin gilashin baya, sama da bakin zuba mai da kusan kamu ɗaya, na yi masa lanƙwasa, na kama shi da maɗauri a wuri huɗu don kada ya yi ciki ko ya goga da ƙarfe. Na sa masa ɗan bawul mai rufewa idan mota ta kife, abin da Shuɗiya ba ta zo da shi ba. Na ɓalle robar da ya toshe ramin da ita, na fitar da tiyon ta hanyarsa ta asali, ɓangaren da ba salansa. Sannan na ƙara abin da ko masana'antar ba ta yi ba a wancan zamanin: na samo gwangwanin gawayi daga jikin wata mota da aka yanka, irin wanda yake shanye tururin mai, na ɗaure shi a bayan taya, na ja wani siririn tiyo daga gare shi zuwa matatar iskar inji, yadda idan an tayar da mota injin zai zuƙe tururin ya ƙone. Na yar da kwalin, na wanke but da sabulu sau uku, na shanya kujerar baya kwana huɗu a rana. Daga nan na cika tanki har wuya, na rufe garejin ruf kwana biyu cikin zafin nan. Tunda ba ni da hanci, na aika wa mai ɗakina cewa ta zo ta ɗauki wasu kayanta. Ta zo da ƙyalle a hanci. Ta tsaya a ɗakinta, ta sauke ƙyallen. Ta shiga garejin da kanta, ta buɗe ƙofar baya ta sa kai, ta daɗe. Da ta fito ta ce sabulu kawai take ji. Na nuna mata tiyon da robar mai fenti, ban yi mata bayani mai tsawo ba, shekara arba'in tana auren malamin gyaran mota.

Yanzu ga abin da Gwani ya kai miki ƙara a kai. Washegari da hantsi, lokacin da garejinsa ya fi cika, na sa rigata mai kyau, na tuƙa Shuɗiya na tsaya a tsakiyar filin, gilasai duk a rufe. Attajirin yana nan kamar yadda na aika masa, da masu motoci huɗu ko biyar, da ma'aikatansa. Gwani ya taho da sauri yana murmushi, ya zaci makulli na kawo. Na ce kowa ya matso, tsohon malami zai yi darasi kyauta. Na buɗe but na nuna musu sabon aikin, na sa kowa ya sa kai ya shinshina. Na zaro farin tiyon daga leda na ɗora a kan bonet, mutane suka ja baya saboda wari. Na ɗora robar mai fenti a gefensa. Sannan na fito da littafin darasinsa na shekara ashirin da shida da suka wuce, na buɗe shafin mako na uku. Ga zanen nan da fensir, tsaf kamar bugun inji, tiyo ya hau, ya lanƙwasa, ya sauko, ya fita, da kibiya a kowace kwana. A ƙasa da jan birona, goma bisa goma.

Na ce, "Wannan zanen wa ne?"

Ya ce, "Nawa ne, Malam."

Na ce, "To ba a rashin sani ka yi ba."

Na zaro jan biro daga aljihu, na ja layi biyu a kan goman, na rubuta sifili, na sa hannu da kwanan wata, na miƙa masa littafinsa. Attajirin ya tambaye shi a hankali ko matar da ta kwanta asibiti ita ce uwar matarsa. Kafin la'asar, an ce, mutumin ya aiko an kwashe motocinsa uku daga garejin, wasu ma sun bi sahu. Ban yi baƙin ciki ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa na yi ba.

Na san abin da ya gaya miki, don ya aiko mini da shi ta bakin mutum biyu. Wai tsoro yake ji kada in yi haɗari da ido ɗaya, wai ya san ba zan taɓa rabuwa da motar da daɗi ba, wai bai taɓa zaton warin zai kai ɗakin Mama ba. Mutumin da ya ci abinci a gidan nan shekara ashirin, ya san tagar nan, shi ya taɓa sa mata raga. Kuma ko da bai zata ba, ai ya ga an kwantar da ita. Minti goma ya ishe shi ya zo ya ce zai duba wani abu, ya zare tiyon, ba wanda zai sani har abada. Maimakon haka ya zo ya zauna a ƙasa a falona yana ce mini tsofaffin motoci haka suke. Wannan zaman nasa ne ba zan yafe ba, ya fi mini tiyon ciwo.

Ba zan ɓoye miki abin da ya biyo baya ba. 'Yarki ba ta taka gidan nan ba tun ranar. Na tabbata ba ta san komai ba, kuma na san yanzu tana zaune da mutumin da ba ta iya kallo, a gidan da aiki ya ragu. Ranar da mai ɗakina ta dawo, ta gama jera kayanta a durowa, ta ce mini ba tare da ta juyo ba, "Ka ci jarrabawarka, Malam. Ita kuma yarinyar wa zai duba tata?" Amma kowace safiya ina fito da Shuɗiya, ƙawarki a kujerar baya, gilasai a rufe, mu je asibiti ko kasuwa, kuma ko ina za mu sai na bi ta gaban garejinsa a giya ta biyu. Takan ce hanyar nan ta fi nisa. Nakan ce ta fi kyau. Na kuma je wurin lauya na rubuta cewa bayan raina motar ta babbar 'yar cikinki ce, wadda take karatun injiniya, da sharaɗin kada hannun Gwani ya taɓa ko da murfin tayarta. Ki gaya mata ta fara neman wurin ajiyewa.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce ina nan ina jiran ziyarar da yake ta alkawari. Ki gaida injiniyarmu, da ƙannenta biyu, da angon da bai taɓa rubuto mini ko layi ɗaya ba, da jikokin duka, musamman mai sunan Baba. Mai ɗakina tana gaishe ki, ta ce ta ji daɗin maganin shafawar da kika aiko. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga 'yar leda a ɗaure, ninki uku. Guntun tiyon ne, na yanko miki tsawon ɗan yatsa. Na wanke shi, na shanya shi mako guda a rana, babu sauran mai a jikinsa sai abin da robar ta riga ta shanye. Kafin ki ɗauki biro ki sake ce mini in yafe, ki kwance ledar, ki ajiye shi kusa da matashinki yini ɗaya kawai. Ƙawarki wata huɗu ta yi.

Ni ne yayanki,
mai riƙon Shuɗiya.